Wa Ka Bari a Gida?

MUNTAKA: Halo? Halo, Kano? Dutse ce nan. Malam Muntaka ne, na ofishin Hakimi. Kano, kuna ji?

GWADABE: Muna ji, Malam, sai dai kamar daga cikin rijiya kake magana. Gwadabe ne, masinjan Di'o, Baturen mulki. An kwana lafiya?

MUNTAKA: Lafiya lau. Ina gajiya?

GWADABE: Ba gajiya. Yaya ruwa?

MUNTAKA: Ruwa ya yi gyara. Jiya ma har ya so ya wuce gyara, an ce falwaya ɗaya ta karkace a wajen Gaya. Don haka abin da za ku faɗa ku faɗa da wuri, ban san iya inda wayar za ta kai ku ba.

GWADABE: Yayar tawa ta zo?

MUNTAKA: Tun hantsi tana bakin ƙofa, na yi na yi ta shigo ta ƙi. Inna Gaji! Bismilla, ga ƙanenki. A'a, ba sai kin durƙusa ba, akwati ne kawai.

GAJI: To ina shi Gwadaben?

MUNTAKA: Yana Kano. Riƙe wannan ki kanga a kunne. Juya shi, Inna, ta ɗaya bakin. Yauwa. Magana kuma sai ki matso kusa da wannan mazurarin da ke jikin akwatin. Ni ina nan waje in kin gama.

GAJI: Salamu alaikum, mutanen ciki!

GWADABE: Wa alaikumus salam. Yaya, ni ne. Ba sai kin ɗaga murya ba.

GAJI: La ilaha illallahu! Auta? Kai ne da gaske? Daga nan zuwa Kano ka ce kar in ɗaga murya? Ka san ko tafiyar kwana nawa ce?

GWADABE: Na sani, ni na sha yin ta. Yi magana kamar ina gefenki. Ina kwana, Yaya?

GAJI: Lafiya ƙalau. Kun tashi lafiya?

GWADABE: Lafiya lau. Yaya ƙarfin jiki?

GAJI: Da godiya. Yaya aikin Nasara?

GWADABE: Muna ta fama. Yaya mutanen Limawa?

GAJI: Suna nan yadda ka bar su, sai waɗanda ƙasa ta ɗauka. Ina Kubura? Ta sauka?

GWADABE: Ta sauka tun watan jiya.

GAJI: Barka! Me aka samu?

GWADABE: Mace.

GAJI: Ta mace? Inna lillahi wa inna—

GWADABE: A'a, Yaya! 'Ya mace aka samu! Uwa da 'ya duk suna lafiya!

GAJI: Kai, Allah ya shirye ka, ka tsinka min hanji. Wannan abin naku yana cinye rabin magana.

GWADABE: Sunan Inna aka sa mata. Ummi muke ce mata.

GAJI: Madalla. Allah ya raya, ya sa ta gaji mai sunan. Ka gaida Kubura, ka ce ta sha kunun kanwa da kyau.

GWADABE: Za ta ji. Yaya ƙafar?

GAJI: Ƙafa tana nan. Da safe ita ke gaba da ni, da rana ni ke gaba da ita.

GWADABE: Wa ke ɗebo miki ruwa yanzu?

GAJI: Allah ke ɗebo min. Damina ce, na tara tulu a ƙarƙashin indararo.

GWADABE: To da rani fa?

GAJI: In ranin ya zo ka tambaye ni. Akuyar nan da ka sani ta haifi biyu, kura ta ɗauki ɗaya. Ita ce abokiyar hirata, kuma ta fi ka, don ba ta shekara ba ta leƙo ni ba.

GWADABE: Yaya, aiki ne ya—

GAJI: Ban ce komai ba. Dabinon gidan Malam, maigidana marigayi, bana ya yi kyau, na ajiye maka naka a tukunya. In ka daɗe ƙwari su riga ka.

GWADABE: Na gode. Yaya, kin san dalilin da Hakimi ya aika a kirawo ki?

GAJI: An ce ƙanena yana son gaishe ni ta ƙarfe.

GWADABE: An kawo mutumin nan Kano. Gobe alƙali zai yanke.

GAJI: Daddawar da na aiko ta hannun masu jakuna, ta iso?

GWADABE: Ta iso. Yaya, kin ji abin da na ce.

GAJI: Na ji. Ni ban san komai a kan maganar nan ba sai abin da mata ke faɗa a bakin rijiya. Su kuma da sun hango ni sai su koma zancen tsadar gero.

GWADABE: To bari ni in faɗa miki, don na zauna a shari'ar tun farkonta. Ɗan'inna sunansa. Mai masauki ne a hanyar Jahun, a wani kangon gari da annoba ta tashi mutanensa tun kafin zuwan Nasara. Shi kaɗai ya zauna a wurin, ya gyara zaure, ya kafa randa a bakin hanya. Duk matafiyin da rana ta faɗi masa a tsakanin nan, wurinsa yake sauka. Ba ya karɓar ko anini. Fatake har addu'a suke masa.

GAJI: Na ji an ce mai kirki ne.

GWADABE: Kowa haka ya ce, har ranar da saniyar wani Bafillace ta burma da ƙafa a bayan gidansa. Tsofaffin rijiyoyin marina ne a wurin, an rufe bakinsu da itace da ƙasa, ciyawa ta tsiro a kai. Da aka zo ciro saniyar sai aka ga abin da ke ƙasa. Aka buɗe ta kusa da ita, ita ma haka. Aka buɗe ta gaba.

GAJI: Ya isa.

GWADABE: Mutane ne, Yaya. Wasu sun shekara da shekaru, sai ƙashi. Na ƙarshen bai wuce ranin bara ba. Shi ne aka samu a naɗe da rabin gwado. Ɗaya rabin kuma a kan gadon Ɗan'inna aka same shi, yana shimfiɗa da shi.

GAJI: Na ce ya isa. Ai an nuna min.

GWADABE: An nuna miki a barikin Dutse, ran da Di'o ya zo rangadi. Aka tambaye ki ko na ɗanki ne, kika ja mayafi kika rufe fuska, kika ce ba ki san shi ba.

GAJI: To me kake so in ce? Ga Hakimi, ga dagatai, ga dogarai, ga Bature ya zuba min ido kamar na kyanwa, a tambaye ni ɗan fari a tsakiyar maza? Wace 'yar halak ce za ta buɗe baki ta ce i, nawa ne, ga sunansa? Duk wanda ke wurin ya san abin da nake nufi.

GWADABE: Duk sun sani, ban da mutum biyu. Tafintan baƙo ne, a bakin teku ya girma, ya juya maganar yadda ta fito daga bakinki. Bature kuma ya rubuta yadda ya ji: an kawo uwa, ta ce ba ta san shi ba.

GAJI: Shi alƙalin ba uwa ce ta haife shi ba?

GWADABE: Shi ma ɗan fari ne. Ya ce har tsohuwarsa ta rasu "kai wannan" take ce masa. Ya gane sarai. Amma hukuncin kisa ba ya tsayawa a zaurensa, sai ya bi ta hannun Razdan, babban Baturen Kano, shi kuma abin da ke gabansa shi ne kin ce a'a. Alƙali ya ce ba zai iya zubar da jinin mutum a kan shirun mace ba, ko da ya san ma'anar shirun.

GAJI: Mutanen Buji fa? Ba su ne dangin uba ba? Su suka raine shi tun yaye, su ya sani.

GWADABE: Baffansa Sale ya zo, da ɗan'uwansa. Suna nan a zauren Kubura suna cin tuwona. A shirye suke su yi rantsuwa hamsin su nemi jini. Amma jinin wa? Fuska ba ta ganuwa. An nuna musu gwadon, suka ce gwado dai kamar kowane gwado, sun san yana da irinsa, ba za su dafa Alƙur'ani a kai ba. Goggo Fatsuma da ta ba shi gwadon ta rasu. Saura ke.

GAJI: Sauran mutanen ramin fa? Ba su da dangi? Su je su nema mana, dole sai ni?

GWADABE: An yi shela kasuwa-kasuwa. Jahun, Kiyawa, Gaya, har Ringim bakin jirgi. Sanƙira ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe: wanda nasa ya fita bai dawo ba ya zo ya duba kaya. An baje su a ƙofar kotu, huluna, buta, carbi, takalman fata, wata 'yar molo. Ko mutum ɗaya bai zo ba.

GAJI: Ko ɗaya?

GWADABE: Ko ɗaya. Shi kuma Ɗan'inna ya kafe, ya ce ramuka ba a cikin gidansa suke ba, daji na kowa ne, kayan kuma baƙi ne suka bar masa ajiya. In ba mai jini, abin da za a kama shi da shi kayan mutane ne a hannunsa. 'Yan shekaru a gidan yari. Kafin ɗan akuyarki ya tsufa ya fito, ya nemi wata hanyar ya kafa randa.

GAJI: Allah ya fi shi.

GWADABE: Allah ya fi shi, amma ke aka tambaya. Kogin Wudil ya cika, ƙafarki ba ta hawa jaki, shi ya sa na roƙi Di'o ya yarda a ji ta bakinki ta waya. Kalma kaɗan ce, Yaya. Ki ce gwadon kin san shi, ki ce ɗanki ne, ki faɗi sunan U—

GAJI: Na san wanda kake nufi.

GWADABE: Nan ba mai ganin fuskarki. Malam Muntaka yana waje. Ƙarfe ne kawai a gabanki.

GAJI: Kai ka taɓa jin Inna ta kira Yaya Babba da suna?

GWADABE: Ban taɓa ji ba. Ran da aka kawo labarin rasuwarsa ma tana niƙa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ina yaro amma ban manta ba. Na daɗe ina ganin kamar ba ta damu ba.

GAJI: Kai niƙan ka gani. Ni na kwashe garin, a jiƙe yake, sai da na shanya shi. Haka aka koya mana, Auta. Abin da ka fi so ba ka nuna shi da baki, don ido na nan, kuma mutuwa tana da kunne. 'Ya'ya nawa na haifa a gidan Malam bayan na bar Buji? Duk na kira su da suna, na goya, na yi musu rawa. Ina suke? Shi kaɗai ban kira ba, shi kaɗai ya yi gemu.

GWADABE: Yaya…

GAJI: Kuma wa ya ce maka shi ne? Ba a sayar da gwado? Yaro ya tafi ci-rani, yunwa ta kama shi, ya sayar wa wani. Ko an sace masa. Mutane nawa suka bi hanyar gabas a ƙafa, aka fid da rai, sai ga su bayan shekara goma da sunan alhaji?

GWADABE: Kin ga gwadon. Kin gane shi?

GAJI: Ta yaya ba zan gane shi ba? Rani biyu ina kaɗa zarensa. Ni na kai wa masaƙi, ni na kalmashe bakinsa da jan zare don kar ya zare. Na ba Fatsuma, na sa ta rantse ba za ta ce daga ina ya fito ba. Ran da zai tafi ya biyo ta Limawa, ya tsaya a zaure ya yi sallama, na amsa daga ɗaki na ce a sauka lafiya. Ta tsagar asabari na hango shi a kafaɗarsa. Ya yi masa kyau.

GWADABE: To ai kin faɗa ke nan. Haka kawai za ki maimaita.

GAJI: Kai na faɗa wa. In na faɗa wa hukuma, ya mutu ke nan. Yanzu ko ba komai, in na ji sallamar namiji a zaure, ina ɗaga kai.

GWADABE: Ba wani ya sayar wa ba, Yaya. Akwai mai shaida. Wani mai tallan kanwa ya sauka a zauren rana ɗaya da shi. Shi ya ce saurayi ne dogo mai wushirya, daga wajen Buji, da gwado mai jan baki. Ta haka aka bi sawu har aka zo kanki. Ya ce suna zaune Ɗan'inna ya kawo musu fura, ya yi musu tambayar tasa, shi ya amsa, yaron ma ya—

GAJI: Wace tambaya?

GWADABE: Ba komai. Zance ne na masauki.

GAJI: Wace tambaya, Gwadabe?

GWADABE: Duk fataken da suka ba da shaida sun faɗe ta, ba wanda ya ɗauke ta bakin komai sai yanzu. In ya miƙa maka fura sai ya zauna kusa da kai, ya ce, "Bawan Allah, wa ka bari a gida?" In ka ce mata da 'ya'ya, ko ka ce 'yan'uwana suna tafe a baya, da asuba zai tashe ka, ya ƙulla maka guzuri, ya raka ka har bakin hanya. Mai kanwar ya ce masa ƙannensa suna jiransa a Jahun. Ya tashi da safe bai ga yaron ba, aka ce masa ai ya yi sammako.

GAJI: Shi me ya ce?

GWADABE: Halo? Yaya, wayar tana ƙara, ban ji—

GAJI: Wayar lafiyarta ƙalau. Me ya ce da aka tambaye shi?

GWADABE: Ya ce ubansa ya rasu, goggon da ta riƙe shi ta rasu.

GAJI: Sai me?

GWADABE: Sai ya yi dariya, ya ce, "Ba kowa, Baba. Ni da gwadona ne." … Yaya? Yaya Gaji? Halo! Dutse!

GAJI: Ina nan.

GWADABE: Ban so in faɗa miki ba. Wallahi na yi niyyar in bar shi a cikina.

GAJI: Dariya ya yi?

GWADABE: Haka mai kanwar ya ce.

GAJI: Ubansa ma haka yake. In abu ya yi masa ciwo sai ya yi dariya. … Mene ne wannan da nake ji a wajenku, kamar ana jan ƙarfe a ƙasa?

GWADABE: Marin ƙafar Ɗan'inna ne. Dogarai sun shigo da shi. Di'o ya ce a dokarsu ba a ba da shaida a bayan idon wanda ake tuhuma, sai yana wurin. Ga Di'o ya zauna, ga muhutin alƙali da Baffa Sale a matsayin shaidu. Akwatin nan yana da abin kunne biyu, Bature zai riƙe ɗaya. Yana jin Hausa in an yi a hankali. Kin shirya?

GAJI: Yana nan kusa da kai?

GWADABE: Ga shi a durƙushe a bakin ƙofa.

GAJI: Yaya kamarsa?

GWADABE: Dattijo ne, gajere, da furfura a gemu. In kin gan shi a masallaci sai ki ba shi ajiyar kuɗi.

GAJI: Ba shi.

GWADABE: In ba shi me?

GAJI: Abin kunnen. Ka ce wa Baturen ya saurara in yana so, amma ba shi zan faɗa wa ba. Wanda ya yi tambaya shi ake ba amsa.

GWADABE: Haba Yaya, ba a yin haka. Tsaya. Ranka ya daɗe, cewa ta yi da shi za ta yi magana. I, shi kansa. … To. Yaya, ya yarda. Ya ce in dai zai ji da kunnensa. Kai, tashi. Matso nan. Riƙe da hannu biyu, kar ka ja igiyar.

ƊAN'INNA: Salamu alaikum, baiwar Allah.

GAJI: Wa alaikumus salam.

ƊAN'INNA: Ikon Allah, kamar kina bayan ƙofa. Ina kwana? Yaya ruwa a wajenku?

GAJI: Ya yi gyara.

ƊAN'INNA: Madalla. Sannu, an wahalar da ke a kan abin da ba ki sani ba. Na gaya musu, matar nan ta riga ta faɗi gaskiya tun a Dutse, a ƙyale ta ta huta. Ni baƙi nake saukewa saboda Allah, ban san me mutane ke yi a daji ba. Muryarki kamar ba ki karya ba. Da a zaurena ne da na dama miki fura mai sanyi. Tun safe suka zaunar da ke a nan, ko? Allah sarki. Wa kika bari a gida?

GAJI: Ba kowa.

ƊAN'INNA: Allah sarki.

GAJI: Akuya ce, da ƙofa a kare da asabari. In na faɗi a hanyar komawa, sai wari ya sanar da maƙwabta. Amsar da kake so ke nan, ko? To ni gaskiya na faɗa maka. Shi ne bai faɗa maka daidai ba.

ƊAN'INNA: Wa fa, baiwar Allah?

GAJI: Mai gwadon da ka raba biyu. Ya ce maka ba kowa, don bai sani ba. Ya bar mutum a gida. Ni ya bari. Zaren da ka kwana a kai rani da damina, yatsuna ne suka murza shi. Jan bakin nan ni na ɗinka, in an duba kusurwa ɗaya za a ga inda jan ya ƙare na ƙarasa da baƙi. Bature, kana ji? Malam muhuti, kana ji? Sale, na san kana nan, ka toshe kunnenka in kana jin kunyata. Sunansa Uwaisu. Uwaisu ɗan Abdulƙadir na Buji. Ni Gaji ni na haife shi, a ɗakin uwata, ana kaka. Shi ne ɗana na fari, shi ne ya rage min. Yana da uwa.

ƊAN'INNA: Bai faɗa min ba.

GAJI: Na'am?

ƊAN'INNA: Sau biyu na tambaye shi. Ni ba na gaggawa, ina tambaya. Da ya ce yana da uwa, ai da na ƙulla masa guzuri kamar kowa, da na—

GWADABE: Allahu akbar! Ranka ya daɗe, ka ji? Malam muhuti, ka ji da kunnenka? Riƙe shi, dogari! Karɓe abin daga hannunsa! Baffa Sale, zauna, zauna, kar ka taɓa shi, hukuma ce da shi yanzu! Yaya! Yaya, kina nan? An ji! Bature ya duba kusurwar, ga baƙin zaren nan! Kuma bakinsa ya kama shi, a gaban shaidu! Gobe Baffa Sale zai yi rantsuwa, ba inda za shi!

GAJI: Sau biyu ya tambaye shi.

GWADABE: Kar ki sa maganar la'ananne a ranki. Ke kin yi abin da maza suka kasa.

GAJI: Auta.

GWADABE: Na'am, Yaya.

GAJI: In an gama, a haɗa rabi da rabin. Ka ba Kubura ta wanke na wajen mutumin nan da kyau, ta ɗinke su. A shimfiɗa masa a makara. Kar a kai shi da rabi.

GWADABE: Za a yi, in Allah ya yarda.

GAJI: Sauran kuma, masu hula da molon nan, a yi musu salla tare da shi. In liman ya tambayi masu gawa, ka ce akwai wata tsohuwa a Limawa.

GWADABE: Zan faɗa. Yaya, da ruwa ya ɗauke zan zo in ɗauke ki, ki dawo wurinmu, ga ɗaki a—

GAJI: Ka dai zo ka ɗauki dabinonka.

GWADABE: Wallahi wannan karon da gas… kogin ya… Kubura ma ta ce…

GAJI: Me? Ɗaga murya, ba na ji. Gwadabe? Auta? Malam! Malam, zo ka ga abin naku ya yi shiru.

MUNTAKA: Kawo in ji, Inna. Halo, Kano? Kano? Ta yanke. Falwayar Gaya ce ta ƙarasa faɗuwa, sai an aika masu gyara. Kun dai gama, ko? Zo in sa a raka ki, hadari ya haɗo.

GAJI: Ba ni shi tukuna.

MUNTAKA: Ba kowa a ciki, Inna.

GAJI: Na sani. Koma waje kaɗan.

MUNTAKA: To.

GAJI: Uwaisu. … Uwaisu, ni ce.